Na sayi na'urar tace iska amma ƙura da tari ba su bar ɗakina ba: tambayoyi da amsoshi

Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, sai ka ga masu ɗan hali sun shiga neman na'urar tace iska, musamman gidan da ke da mai asma, ko jariri, ko tsoho mai yawan tari. A saye ta da tsada, a kawo ta gida da murna, a jona. Mako biyu sai ƙorafi ya biyo baya: ga teburi nan da ƙurarsa, ga yaro nan da tarinsa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Daga nan wasu ke yanke hukuncin cewa na'urar yaudara ce. Ni ban yarda da wannan ba. Na'ura mai kyau tana aiki, sai dai aikinta guda ɗaya ne tak: cire ƙwayoyin ƙura da na hayaƙi daga iskar da ta ratsa cikinta. Iskar da ba ta shiga cikinta ba, ba ta da iko a kanta. Gidajenmu kuwa, yawancinsu suna shigo da ƙura suna kuma haifar da hayaƙi da saurin da ya fi ƙarfinta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Wai me ke cikin na'urar nan, kuma me take yi?

Fanka ce da matata a cikin akwati. Fankar ta zuƙo iskar ɗaki, ta tura ta cikin matatar, iskar ta fito ta ɗaya gefen. Matatar da ta fi suna ita ce HEPA, wata takarda ce ta siraran zaruruwa da aka ninke sau da yawa domin faɗinta ya ƙaru. An ƙirƙiro ta a Amurka cikin shekarun 1940, lokacin da masu aikin makamin nukiliya ke neman abin da zai tare ƙura mai guba. A ma'aunin Amurka, ba a kiran matata HEPA sai ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. A na Turai kuma akwai H13 mai kama kashi 99.95, da H14 mai kama 99.995.

Don ka gane ƙanƙantar abin, kaurin silin gashin kai ɗaya yana tsakanin maikiron 50 zuwa 70. Ƙwayoyin da likitoci suka fi tsoro, waɗanda ake kira PM2.5, sun kai sau talatin ƙasa da haka. Su ne gashin hanci da majina ba sa iya tarewa, su wuce can ƙasan huhu, mafi ƙanƙantarsu har su shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara ma'auninta: kada matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikirogiram 5 a kowane kubik mita na iska, na yini guda kuma kada ya wuce 15. Waɗannan ƙwayoyi ne aikin na'urar, kuma tana iya su.

Idan tana kama kashi 99.97, me ya hana ɗakina tsarkaka?

Wannan lamba ta matatar ce, ba ta ɗakinka ba. Tana gaya maka abin da ke faruwa da iskar da ta riga ta shiga akwatin. Ba ta ce komai a kan yawan iskar da ke shiga ba, kuma a nan ne mutane da dama ke faɗawa.

Lambar da ya kamata ka nema a jikin kwali ita ce CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar ke fitarwa a sa'a guda. Lissafin ba wuya. Auna tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa, ka ninka su. Ɗakin kwana mai mita 4 da 4, silin a mita 3, yana ɗauke da kubik mita 48 na iska. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sabunta iskar ɗaki aƙalla sau 5 a sa'a. Ka ninka 48 sau 5, ka sami 240. To, wannan ɗakin yana buƙatar na'ura mai CADR kusan 240. Falo mai mita 6 da 5 kuwa iskarsa kubik mita 90 ce, sai mai 450. Idan an rubuta lambar da ma'aunin Amurka, cfm, ka ninka ta da 1.7 ka sami kubik mita a sa'a.

Yanzu ka duba 'yar ƙaramar na'urar nan mai kamar fulas ɗin shayi da ake ɗorawa kan teburi. Matatarta na iya zama HEPA ta gaskiya, amma iskar da take turawa ba ta kai ta biya wa rabin ɗaki ba. Sannan ka tuna ɗakunanmu silin ɗinsu ya fi na Turawa tsayi saboda zafi, masu ƙera na'urar kuma idan sun rubuta faɗin ɗakin da za ta iya, sukan yi lissafi ne da silin mai mita 2.4. Kwalin da bai rubuta CADR ba kwata-kwata, ni ba na sayensa.

Ina barin taga a buɗe saboda zafi. Wannan yana ɓata aikin?

Ƙwarai kuwa, kuma a ganina shi ne babban dalilin da ya sa na'urar ke ba da kunya a ƙasar Hausa.

Ƙurar hunturu ba daga tsakar gidanka ta taso ba. Mafi yawanta daga arewacin Chadi take, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda a da can ruwan babban tafkin Chadi ya kwanta kafin ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi wannan ƙasa. Babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko ta ta bi da ita ta Damagaram, Maraɗi, Katsina, Kano, Kaduna, har bakin teku. Na'urar da ke ɗakinka, idan taga na buɗe, da wannan take kokawa.

Ga yadda lissafin yake. A ce na'urarka tana tace iskar ɗakin sau 5 a sa'a, taga kuma tana shigo da iskar waje sau 5 a sa'a. Iyakar abin da za ka samu shi ne raguwar ƙura da kusan rabi. Idan tagogi biyu ne masu fuskantar juna, iska na kaɗawa, sabuntawar kan haura sau 10, sai ragin ya dawo kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa. Ɗibar ruwa da kwando kenan. Ko a rufe tagar take, idan irin gilashin nan ne mai jere-jere da ake kira luba, ko ƙofar ƙarfe mai rata a ƙasa da za ka iya zura yatsu, ƙurar tana shigowa abinta.

Ba cewa nake a toshe gida kamar tulu ba. Mutum yana fitar da iskar kabon dayoksaid duk numfashin da ya yi, kuma na'urar ba ta cire ta. Mutum huɗu su kwana a ƙaramin ɗaki da aka liƙe ko'ina, da safe za su tashi da nauyin kai. Abin da ke yiwuwa shi ne a zaɓi ɗaki ɗaya, na kwana, tunda a nan mutum ya fi daɗewa. A toshe ƙasan ƙofarsa da tsumma, a liƙe ratar taga, a bar na'urar a kunne. Sannan a riƙa buɗe shi na ɗan lokaci sau ɗaya ko biyu a yini, a daidai lokacin da hazo ya lafa, maƙwabta ba sa shara, ba a ƙona bola, ba a hura wutar girki.

Har yanzu ina share ƙura a kan talabijin kullum. Ba alamar ta lalace ba ce?

A'a. Ƙurar da ido ke gani a kan kaya manyan ƙwayoyi ne masu nauyi, cikin 'yan mintuna suke sauka, tun kafin fankar ta jawo su. Abin da ya riga ya kwanta a kan kafet da labule da saman sif, na'urar ba ta ɗaga shi. Wannan aikin jiƙaƙƙen tsumma ne. Busasshiyar tsintsiya kuwa tayar da ƙurar take yi ta mayar da ita hancin mai shara da na yaran da ke wasa a ƙasa. Iyayenmu da ke yayyafa ruwa kafin su yi shara sun san abin da suke yi.

Ni ina turaren wuta safe da yamma, da dare kuma muna kunna maganin sauro. Na'urar ba za ta kwashe hayaƙin ba?

Hajiya, za ta kwashe wani abu, amma bayan kin riga kin shaƙa. Kasko yana tsakiyar ɗaki, ke kina kusa da shi, na'urar tana can lungu. Hayaƙin ta gabanki zai bi kafin ya isa gare ta. Kuma abin da garwashi da turare ke fitarwa cikin minti goma, na'urar za ta yi kusan sa'a tana fama da shi.

Na san wannan magana ba ta da daɗin ji. Turaren wuta ado ne, tarba ce, ɗakin mace ba ya cika sai da shi, kuma ba zan ce a daina ba. Amma duk abin da ke ci da wuta a cikin ɗaki yana fitar da irin ƙwayoyin nan na PM2.5, ƙamshi ko wari bai canja wannan ba. Idan akwai mai asma ko jariri a gidan, a turara ɗakin ba sa ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita, sannan a rufe a kunna na'urar da ƙarfi kafin su dawo. Tufafi kuma a turara su a tsakar gida.

Maganin sauron nan murɗaɗɗe da ake kunnawa ya fi damuna, domin shi kwana yake yana ci, mutane na barci a gefensa. Wani bincike da aka wallafa a 2003, wanda aka gwada ire-irensa na Sin da Malesiya, ya gano cewa guda ɗaya yana fitar da ƙwayoyin hayaƙi daidai da na taba sigari 75 zuwa 137. Gidan sauro mai magani da raga a jikin taga suna hana cizo ba tare da wannan hayaƙin ba. Wanda ya sayi na'ura mai tsada yana kuma kunna wannan kowane dare, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Girki ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida, wanda akasarinsa na itace da gawayi da kananzir ne, ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Babu na'urar ɗaki da za ta iya da murhun itace. Tsohon tsarin gidajenmu da ke ajiye madafa a tsakar gida, nesa da ɗakin kwana, ya fi kicin ɗin zamani da aka manna wa falo ba tare da mafitar hayaƙi ba. Ko da gas kike girki, harshen wutar yana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro, suya kuma tana cika ɗaki da ƙwayoyin mai. Taga a buɗe da ƙaramar fanka mai tura iska waje su ne maganin kicin.

Mai shan taba kuma ya fita waje. Babban likitan gwamnatin Amurka ya bayyana tun 2006 cewa tace iska ba ya kare mutanen ɗaki daga hayaƙin taba.

Janaretanmu yana baranda kusa da taga. Tunda muna da na'urar, ai babu matsala ko?

Akwai matsala, kuma ta rai ce. Ina roƙon duk wanda ya karanta shafin nan, ko ya manta komai, kada ya manta wannan.

Janareta yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Ba ƙwaya ba ce da matata za ta tare, iska ce, tana ratsa HEPA kamar yadda ruwa ke ratsa rariya. Idan ta shiga jiki tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi, ya kwanta. Mai barci kuwa ba ya farkawa. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali gaba ɗaya sun rasu, janareta yana soro ko a ƙarƙashin bene?

A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida. Tsoron ɓarayi ke sa mutane shigo da shi ciki, na sani, amma keji na ƙarfe da kwaɗo a waje ya fi sauƙi.

Haɗarin nan ɗaya ne da na kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi a tsakiyar sanyi, musamman ɗakin mai jego. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, wanda ya bi shawarar toshe ƙofa da taga don na'urar ta yi aiki, idan ya shigo da garwashi ɗakin, ya ninka haɗarin. Ɗakin da aka liƙe, wuta ba ta kwana a cikinsa. Akwai ƙaramar na'ura daban mai batir da ke ƙara idan wannan iska ta taru.

Warin fenti, fiya-fiya, fetur da sabbin kujeru fa?

Su ma iska ce, HEPA ba ta kama su. Abin da ke kama wasu daga cikinsu shi ne wani gawayi da aka sarrafa ya yi ramuka ƙanana masu yawa. Na'urori da dama suna tallar suna da shi, amma idan ka buɗe sai ka ga wani baƙin soso ne siriri da aka barbaɗa wa garin gawayi. Wannan cikin 'yan makonni yake cika, idan ya cika kuma ya daina kamawa, wani lokaci ma ya riƙa sako abin da ya kama. Gawayin da zai yi aiki na gaske da kilo ake auna shi.

Sabbin kayan katako na matsattsen garin itace, irin na kayan ɗakin amarya, suna fitar da sinadarin fomaldihaid daga gam ɗin da aka haɗa su, kuma zafi yana ƙara fitarsa. Tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar. Gawayi bai iya kama shi sosai ba. A bar ɗakin a buɗe ya sha iska makonnin farko. Jarkar fetur da ragowar fenti kuma a fitar da su daga inda ake kwana.

Ina da esi, ai yana da matata a ciki. Bai wadatar ba?

Ragar da ke cikin esi an sa ta ne don ta kare injin daga gashi da manyan ƙura, ba don huhunka ba. PM2.5 wucewa yake ta cikinta. Kuma esin bango ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan, ta ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta. Amfaninsa a nan shi ne yana ba ka damar rufe taga ba tare da zafi ya dame ka ba, sai na'urar tacewa ta samu ta yi aikinta. A riƙa wanke ragar duk mako biyu a lokacin ƙura.

Mai shago ya ce tasa ba ta buƙatar canjin matata, da lantarki take kashe ƙwayoyin cuta. Ya abin yake?

A yi hattara da irin wannan. Wasu suna sakin ayon ne, wato suna ɗora wa ƙura caji don ta manne a wani abu. Takan manne a bango da labule da ke kusa har wurin ya yi baƙi, ba ta bar ɗakin ba, taɓawa kaɗan ta sake tashi. Wasu kuma iskar ozon suke fitarwa, da gangan ko a matsayin rara. Ozon yana da wani ƙamshi mai kama da na bayan tsawa, shi ya sa mutane ke jin kamar iskar ta tsarkaka, alhali yana ƙona hanyoyin numfashi yana tayar da asma. Yana kuma dusashe jin wari, sai mutum ya zaci warin ne ya tafi. Idan ya haɗu da ƙamshin lemo da ke cikin wasu sabulan goge ƙasa da turaren fesawa, sai su haifar da fomaldihaid da wasu ƙwayoyi ƙanana sababbi. Saboda haka jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da na'urar gida da ozon ɗinta ya wuce 0.05 cikin miliyan, dokar ta fara aiki a 2010.

An taɓa yin shari'a a kan wannan a Amurka. Wata na'ura mai suna Ionic Breeze ta kamfanin Sharper Image ta yi kasuwa sosai saboda ba ta ƙara, ba ta da fanka, ba a canja mata matata. Mujallar Consumer Reports ta gwada ta a 2002 da 2003 ta ce kusan ba ta tace komai. Kamfanin ya kai ƙara, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2004, a 2008 kuma kamfanin ya durƙushe. Rashin fankar da ake yabo shi ne lahaninta, tunda iska ba ta ratsa ta da yawa.

Shuɗiyar fitilar da ake cewa tana kashe ƙwayoyin cuta ma, a ƙananan na'urori iskar tana gilmawa ta gabanta cikin ƙiftawar ido, lokacin bai isa ba. Idan na'urarka tana da maɓallin ayon ko ozon daban, ka kashe shi ka bar fanka da matata.

Yaushe ake canja matata? Zan iya wanke ta?

Kafin komai, buɗe na'urar ka duba ko an cire ledar da aka naɗe matatar da ita daga kamfani. Na taɓa zuwa gidan wata 'yar'uwata da ke ƙorafin tata ba ta da amfani, wata uku tana kunne dare da rana. Muka buɗe, matatar na nan fes cikin ledarta. Ba laifinta ba ne, wanda ya sayar mata bai faɗa mata ba, fankar kuma tana ƙara kamar komai lafiya.

Kamfanoni sukan ce wata 6 zuwa 12, amma ba da hunturun Kano ko na Agadas suka yi lissafi ba. Ka riƙa dubawa da idonka. Idan ta yi ja ko toka-toka, iskar da ke fitowa ta ragu, lokaci ya yi. Matatar da ta toshe ba ta daina kama ƙura ba, iskar ce ta daina wucewa, CADR ɗin da ka biya kuɗi dominsa ya zube. Ragar gaba, wadda ke tare manyan ƙura, ita ake wankewa, kuma yawan wanke ta yana ƙara wa ta ciki kwana. HEPA kanta ba a wanke ta. Ruwa yana lalata zaruruwan, danshin da ya rage kuma ya jawo funfuna. Bugun ta da sanda ko hura ta da injin faci yana yaga ta ta inda ido ba ya gani.

Sai batun jabu da wadda ba girmanta ba. Iska hanya mai sauƙi take bi. Idan akwai rata ko ta kaurin yatsa tsakanin matata da jikin akwati, ta nan za ta zille ba a tace ta ba. Don haka tun kafin ka sayi na'ura, ka tambayi inda ake samun matatarta da kuɗinta. Da yawa sun sayi ta gwanjo da araha, matatar ta cika, aka rasa irinta a kasuwa, na'urar ta koma fanka. Idan daga Amurka aka kawo ta, ka duba bayanta: wutarsu 120 ce, tamu tsakanin 220 da 240, jona ta kai tsaye ƙonewa ne.

A ina zan ajiye ta, kuma a wane gudu?

Kada a cusa ta bayan kujera ko labule ko cikin lungu. A ba ta sarari ta kowane gefe, kusa da inda ake kwanciya, iskarta tana fuskantar mutane. Bango yana tare ta, wadda ke falo ba ta yi wa ɗakin kwana komai.

CADR da ke jikin kwali na gudu mafi ƙarfi ne. Mutane kuwa saboda ƙara sukan mayar da ita kan na ɗaya, inda take ba da kaso kaɗan na wannan lamba. Shi ya sa babbar na'ura a matsakaicin gudu ta fi ƙarama da aka ƙure. Tsarin da take sarrafa kanta ma ban cika dogara da shi ba: ɗan idon da ke auna ƙurar yana toshewa, fitila ta nuna kore alhali ɗakin bai tsarkaka ba.

Wuta ba ta zama a unguwarmu. Akwai amfanin saye?

Na'urar ba ta ajiye tsabta don gobe. An ɗauke wuta, cikin sa'a ɗaya ko biyu ɗaki mai rata ya koma yadda yake. Sauƙin abin shi ne ba ta cin wuta sosai, yawanci wat 30 zuwa 60 a gudu mai ƙarfi, kusa da fankar silin. Ƙaramin sola da batir zai riƙe ta tsawon dare. Tayar da janareta a bakin taga don a kunna ta kuwa, gara a bar ta a kashe.

Da damina ɗakina yana warin danshi, bango ya yi baƙi. Za ta taimaka?

Za ta kama ɗan abin da funfunar ke saki a iska, amma funfunar tana nan a bango tana ƙara yaɗuwa muddin ruwa na samunta. A nemo yoyon rufi, ko famfon da ke tsiyaya cikin bango, ko ruwan da ke kwanciya a gindin gini. A janye sif da gado daga jikin bango, a daina shanya jiƙaƙƙen kaya a ɗaki, a kankare wurin a bar shi ya bushe kafin a yi fenti.

An ce shuke-shuken cikin ɗaki suna tace iska. Gaskiya ne?

Maganar ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989, a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. A 2019 masu bincike a jami'ar Drexel suka sake duba alƙaluman gwaje-gwajen irin wannan, suka ce sai an jera tukwane 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi abin da iskar da ke shiga gida da kanta ke yi. A ajiye su don ado.

Ɗana yana da asma. Na sa masa na'urar amma bai daina tashi da dare ba.

Allah Ya ba shi lafiya. Abubuwan da ke tayar da asma ba duka ke yawo a iska ba. Akwai wasu ƙwari ƙanana da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da filo da kafet, akwai kuma kashin kyankyaso. Waɗannan suna da nauyi, suna kwance daidai inda yaron ke sa fuskarsa, yana juyi suna shiga hancinsa. A wanke zanen gado da ruwan zafi duk mako, a shanya katifa da filo a rana, a ɗauke kafet daga ɗakinsa idan da hali. Busasshiyar iskar sanyi ita kanta tana tayar da ciwon, mura ma haka, kuma matata ba ta da abin yi a kansu. Kada a rage masa maganin shaƙa saboda an sayi na'ura, sai likitansa ya ce. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da rama da gumin dare, na asibiti ne, a je a gwada tarin fuka.

Ba ni da kuɗin mai tsada. Akwai wata dabara?

Akwai. A 2020, lokacin korona, wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka fito da wata hanya mai sauƙi: matata huɗu masu lambar MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin matata wajen kama ƙura) a haɗa su kamar bangon akwati, kwali a ƙasa, fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hura iska sama, a liƙe duk mahaɗa da salatif. Matatar ba ta kai HEPA kamawa ba, amma iskar da ke ratsa ta tana da yawa ƙwarai, har takan fi wasu na'urori masu tsada fitar da tsabtatacciyar iska. Wahalar a wurinmu ita ce samun matatar, sai a wajen masu kayan manyan esi na ofisoshi da otal. Ɗaura atamfa ko soso a bayan fanka ba ya maye gurbinta, manyan ƙura kawai zai tare ya kuma sa fankar ta yi zafi.

Ta yaya zan tabbatar tawa tana aiki?

Hanci ba ya auna PM2.5, fitilar jikin na'urar ma ba shaida ba ce. Ana sayar da ƙaramin ma'auni na hannu da ke nuna lambar, mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Ka ajiye shi a kan gado, nesa da bakin na'urar. Rufe ƙofa da taga, kunna ashana biyu ka hure su, ka jira lambar ta hau. Sai ka kunna na'urar a gudu mafi ƙarfi ka duba agogo. Idan girmanta ya dace da ɗakin, cikin minti goma lambar za ta sauka zuwa rabi ko ƙasa, cikin rabin sa'a ta kusa komawa ƙasa gaba ɗaya. Idan ta sauka ta tsaya a tsakiya ta ƙi ci gaba, ƙura tana shigowa ta wani wuri, bi ƙasan ƙofa da gefen taga da ramin bututun esi. Idan ba ta motsa ba sam, buɗe akwatin ka duba matatar. Washegari ka maimaita gwajin a gudun da ka saba kwana da shi, taga kuma yadda ka saba barinta, domin wannan lambar ta biyu ita ce iskar da iyalinka ke shaƙa kowane dare.